Ina za mu kai yaran nan a hutun nan?

Maman Amira: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da dare. Shawara nake nema. An ba su Amira hutu tun ranar Juma'a, yau kwana huɗu ke nan, wallahi gidan ya yi mana kaɗan. Daga ɗaki sai tsakar gida, tsakar gidan ma taku biyar ne. Ɗazu na tarar da Sadik ya jawo kujera ya taka yana leƙen titi ta taga, duk mai adaidaita sahun da ya wuce sai ya ce "Umma, ina za shi?" Abin ya tsaya mini a rai. Da na yi lissafi, rabon da mu fita da su don su kaɗai, ba biki ba, ba suna ba, ba asibiti ba, tun ƙaramar Sallah. Abbansu ya ce in zaɓi wuri, ya ba ni dubu goma sha biyar har da kuɗin mota. Amira shekararta 7, Sadik 4, ga Nana a goye wata 11. Daga Naibawa ina ya kamata mu nufa?

Autan Hajiya: Wa alaikumus salam Yaya. Ki kai su ɗaya daga cikin manyan kantunan nan masu wurin wasan yara mana. Ga lilo, ga motocin wasa, ga askirim, babu ƙura babu rana. Ki yi musu hotuna ki turo mana.

Maman 'Yan Biyu: Auta, kai ba ka taɓa biyan kuɗin lilon yara ba shi ya sa. Kowane wasa da kuɗinsa, minti biyar an sauke yaro, shi kuma ya ce sai an sake. Kafin ki ankara kuɗin sun ƙare, a dawo gida da kuka. Kuma duk abin da ke kan kanta sai sun nuna.

Yaya Babba: Ni fa wannan sabon yayi ban gane masa ba. Mu da muka tashi a Yakasai wa ya taɓa ɗaukarmu ya ce za a kai mu shan iska? Makarantar allo, aike, ƙwallo a lungu, kuma ga mu mun zama mutane. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma. Dubu goma sha biyar cefanen kwana nawa ne? Ki sayo nama ki yi musu dafa-duka mai kyau su ci su ƙoshi, ya fi a zubar wa masu adaidaita. Ga shi kullum sai ka ji cigiyar yaro a rediyo. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Maman Amira: Yaya, maganar tsada gaskiyarka ce, ba na musu. Amma ku kun tashi a gidan da yara sun haura ashirin, ga soro, ga lungu, ga dandali da daddare, kowa a unguwa ya san ɗan wane ne kai. Ni nan gidan haya ne, get a kulle, maƙwabciyata ma sai mu yi sati ba mu haɗu ba. Sadik bai taɓa ganin doki ido da ido ba sai a waya, ɗan Kano fa. Jiya ya ga hoton raƙumi ya ce mini ƙatuwar tunkiya ce. Ba don nishaɗi kaɗai nake so ba, so nake idonsu ya buɗe.

Goggo (Ummi ke rubuta mata): Babba, ka ce ba wanda ya kai ku ko'ina? Allah ya jiƙan Yaya Alhaji. Ranar Hawan Daushe wa yake saɓa ka a wuya tun daga gida har Ƙofar Kudu? Kana ɗan shekara huɗu, an ɗinka maka 'yar shara da hula, 'yan bindiga suka saki wuta, ka ƙanƙame kansa har hularsa ta faɗi ƙarƙashin dawaki, bai sauke ka ba sai da Sarki ya wuce ka ga laima da idonka. Washegari Hawan Nasarawa ya sake fita da ku. Wa kuma ya ɗora ku ku uku a Vespa ya kai ku gidan zu, kuka dawo kuna ba ni labarin jimina har sati guda? An kai ku, sunan shan iska ne ba a sa masa ba a lokacin.

Yaya Babba: Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makoma. Goggo, kin tuna mini abin da na manta. Har yau in na ji kakaki sai tsigar jikina ta tashi, ashe daga nan ne. To amma Baba yakan rufe rumfa bayan Azahar ya tafi, ciniki bai gudu ba. Ni a kasuwar Kwari in na rufe shago yini ɗaya, baƙon da ya taso daga Nijar ko Chadi maƙwabcina zai kama, kuma ba lalle ya sake dawowa wurina ba.

Baffa Malam: Salamu alaikum. Na karanta duk abin da kuka rubuta. Maman Amira, Allah ya yi miki albarka da wannan tunani. Shekara 35 na yi ina koyarwa a firamare, kuma babu abin da yake ci mini rai irin yaron da aka haifa a Kano, ya gama aji shida, ka tambaye shi mene ne Dala ya ce maka sunan ƙaramar hukuma ne. Baƙi suna tasowa daga Turai don su ga abin da mu muke wucewa ta gabansa a adaidaita ko waiwaye ba ma yi.

Ga Gidan Makama nan daf da gidan Sarki. Ginin ƙasa ne tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ne kuma ya gina gidan Sarkin da ake ciki har yau, ya kafa kasuwar Kurmi. A ciki akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da hotunan Kano na bayan zuwan Turawa a 1903, da ɗakin amarya da jerensa irin na kakanninku. Kai, ko ginin kaɗai abin kallo ne. Ka sa yaro ya ɗaga kai ya ga ɗaurin guga da azara, ya dafa bango ya ji sanyinsa da tsakar rana, babu fanka babu komai.

Daga nan marinar Ƙofar Mata ba nisa, ita ana lissafa kafuwarta tun 1498. Baba ne da toka da kanwa a cikin ramukan nan. A tsoma farin ƙyalle ya fito kore-kore, iska na bugunsa ya koma shuɗi a gaban idonka. Ban taɓa kai ɗalibai wurin ba a rasa wanda ya yi salati. Sai Dutsen Dala, mazaunin Barbushe, jagoran mutanen wurin tun kafin zuwan Bagauda, Sarkin Kano na farko. In ka hau kana hango Goron Dutse, da koriyar ƙubbar babban masallaci, da abin da ya rage na badala, wadda Sarki Gijimasu ya fara ginawa wajen shekara 900 da suka wuce. Gani ya kori ji.

Autan Hajiya: Baffa, Allah ya ƙara girma, amma Sadik ɗan shekara 4 me ya haɗa shi da Rumfa? Zai gaji ne ya fara rigima. Yaro gudu yake so da tsalle.

Baffa Malam: Ba lacca za a yi masa ba, Auta. Shekarun da na kawo, ku manya na kawo wa, don kada yaro ya yi tambaya uba ya yi zuru. Shi yaro ƙatuwar ƙofa zai gani ya ce wa ke iya buɗe wannan, sai ka ce masa da can in dare ya yi Sarkin Ƙofa ne ke rufe ta, duk gari a kwana a ciki. Ya ishe shi. Ranar da malami zai ambaci ganuwa a aji, shi ya riga ya taɓa ƙyaurenta da hannunsa.

Autan Hajiya: To gidan zu fa? Shi ai ya haɗa duka, ga gudu ga kallo. Kuma daga Naibawa hanya ɗaya ce, titin Zariya zuwa Dangi a karya Zoo Road.

Yaya Babba: Wurin da zaki ya kuɓuce a 2019?

Autan Hajiya: Yaya, ai an mayar da shi keji, awaki kawai ya ci. Mutum nawa suka shiga suka fita lafiya tun daga lokacin?

Baffa Malam: Gidan zu yana cikin abin da Audu Bako ya bar mana, gwamnan Kano na farko, daga 1967 zuwa 1975. Inuwa ce da fili a tsakiyar gari, irin wadda yanzu ta yi mana ƙaranci. Ban ƙi shi ba ko kaɗan. Ga zaki, ga kura, ga kada, dabbobin da yara ke ji a tatsuniya. Yaron da ake yi wa gatanan gatananku da kura ya kamata ya ga kurar.

Anti Nas: Yanzu na sauko daga aiki na ga saƙonni sun taru. Wuraren da Baffa ya kawo duk masu kyau ne, amma don Allah ƙanwata kada ki haɗa su rana ɗaya. Wuri ɗaya, awa biyu ko uku, a juyo gida tun yara na dariya. Kuskuren da muke yi shi ne tun da an biya kuɗin mota sai an more, a yi ta jan yaro har ya galabaita, washegari a kawo mana shi da zazzaɓi.

Dala ki cire shi a lissafi yanzu. Matakala ce mai yawa, ga goyo, kuma sama wuri ne da yaro mai gudu irin Sadik ba a sakinsa. Sai Amira ta ƙara girma abbanta ya hau da ita. Marina kuwa ramuka ne a buɗe, zurfinsu ya fi tsayin mutum, hannun Sadik kada ya bar na babba ko na ƙiftawar ido. A gidan zu kada a bar yaro ya zura hannu a keji, musamman wurin birai, suna fizga kuma suna cizo.

Lokacin kam kin dace. Hunturu ya fi bazara sauƙi, Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, ni ba na ba kowa shawarar yawo da jariri a lokacin. Sai dai ƙura. Ku bari hantsi ya ɗaga sanyin safe ya sauka, wajen ƙarfe goma, ku dawo kafin La'asar. Ki shafa musu basilin a leɓe da ƙafa, Nana hula da safa. Duk mai yaro mai asma, inhela a jaka, ba a gida kan firji ba.

Abin da ya fi kawo mana yara bayan Sallah da hutu shi ne gudawa. Yankakkiyar kankana da abarba da suka yini a buɗe ƙuda na bi, da zoɓon da ba ki san da wane ruwa aka yi ƙanƙararsa ba. Ki dafa a gida ki zuba a kula, ki cika gora da ruwanki. In za ki saya a hanya, ayaba da lemo, abin da za ki ɓare da hannunki. Gyaɗa da gugguru kada a ba Nana, tana iya shaƙewa. In kuma an yi rashin sa'a ciki ya ɓaci, ki jiƙa ORS, wato garin gishiri da sukari na masu gudawa, in babu ki samu lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan kafin a kai asibiti.

Kawu Direba: Ni da za a bi ta tawa, a fitar da yaran nan daga gari gaba ɗaya. Tiga. Shi ma aikin Audu Bako ne, an gama dam ɗin a 1974. Ku hau titin Zariya, tun daga Kura yaro zai fara ganin noman rani, ruwa na gudu a kwata tsakanin gonaki, ga tumatir ga albasa ga alkama, ya san shinkafar da yake ci ba a buhu take tsirowa ba. Ku isa ya ga ruwan da ba ya hango ƙarshensa. Bas ɗina na nan, gida huɗu ku haɗa kuɗin mai, ni ba na karɓar ko sisi.

Maman 'Yan Biyu: Kawu, Allah ya saka da alheri, amma ni da ruwa sai dai daga nesa. Tun abin da ya faru a Bagwai ƙarshen Nuwamban 2021, da jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari da 'yan Islamiyya, ban sake sha'awar kai yaro bakin ruwa ba. Allah ya jiƙansu.

Anti Nas: Amin. Kuma ko ba a shiga jirgi ba, kada a bar su su tsoma ƙafa. Tsargiya daga irin wannan ruwan ake ɗaukarta, ƙwayar cutar a jikin katantanwa take girma, ta fito ta shiga ta fata. Sai bayan makonni ka ga yaro na fitsarin jini, iyaye su ce ba su san inda ya samo ba.

Kawu Direba: Ban ce a shiga kwale-kwale ba, ban ce a yi wanka ba. Tabarma a ƙarƙashin bishiya, a ci abinci, a kalli masunta. Amma na yarda ba tafiyar mace ɗaya da yara uku ba ce. Sai an haɗu maza da mata, kowane yaro da mai riƙe da shi. A ajiye ta tukuna. Abu ɗaya dai, duk mai shirin fita ranar Asabar ya duba kada ta zama ta ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli ce, babu zirga-zirga sai ƙarfe goma.

Maman 'Yan Biyu: Tun da Yaya Babba ya ambaci cigiya, bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa a zauren nan ba. Babbar Sallar bara, kwana biyu da Sallah, muka kai yara wani wurin wasa, ni da ƙanwar maigidana, yara shida. Mutane kamar ƙasa. Na tsaya a layin tikiti, Husaini na riƙe da gefen hijabina, ni na ɗauka Hassan na wurinta, ita ta ɗauka yana wurina. Da na juyo muka haɗa ido, kowa ta kalli hannun 'yar uwarta, babu Hassan.

Ban san sanda na yar da jakata ba. Ina kiran sunansa, kiɗa ya cika wurin, ni kaina ba na jin muryata. Duk yaron da na hango da farar shadda sai in ruga in juyo shi, ranar kuwa rabin yaran Kano farar shadda suka sa. Wajen minti arba'in. Ƙafafuna suka daina ɗaukata, na zauna a ƙasa ina Innalillahi. Can sai ga wani dattijo mai sayar da balan-balan a bakin get ya ɗago shi sama yana zagayawa da shi. Ya ce ya gan shi yana bin wata mata mai hijabi irin nawa har zai fita titi, matar ba ta ma san ana bin ta ba. Ya tambaye shi sunansa ya ce Hassan. Sunan babanka, ya ce Abba. Wace unguwa, ya ce gidanmu. Bawan Allah nan ya bar sana'arsa ya saya masa ruwa ya rarrashe shi. Ko sunansa ban tambaya ba saboda ruɗewa, kullum ina sa shi a addu'a.

Tun daga ranar, kafin mu fita sai na ɗauke su hoto da kayan da ke jikinsu. Ina rubuta lambar wayata a takarda in maƙala da fil a cikin aljihu. Na koya musu cikakken sunan babansu da sunan unguwa kamar karatun allo. Riga mai launin da ke fita a taro, ba fara ba. In zan miƙa yaro ga wata kuwa sai na ce "na ba ki Hassan", ta amsa "na karɓa", da baki. Kuma ranakun Sallah na haƙura da wuraren nan, sai an watse.

Maman Amira: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Jikina har rawa yake. Allah ya saka wa dattijon nan da Aljanna.

Yaya Babba: Kun ji ko? Abin da nake gudu ke nan.

Maman 'Yan Biyu: Yaya, ban daina fita da su ba fa, gyara na yi. Kuma ka lura, mata biyu ne da yara shida. Da akwai namiji ɗaya a wurin, shi zai bi layin tikiti, hannuwana biyu na kan 'ya'yana.

Goggo (Ummi ke rubuta mata): Yawwa, nan nake jira a zo. Ku mazan zauren nan da ku nake. A miƙa wa mace kuɗi a ce ta kai su, goyo a baya, jaka a kafaɗa, kula a hannu, sauran hannu ɗaya yara biyu, ga tsallaka titi. Ita ba ta ga komai ba, ba ta huta ba, ta dawo ta ɗora tukunya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maman Amira, shi maigidan naki zai je?

Maman Amira: Goggo, cewa ya yi in nemi wadda za ta raka ni. Kin san gyaran waya a Farm Centre, in ba ya nan masu kawo aiki sai su wuce gaba.

Goggo (Ummi ke rubuta mata): Surukina ne, ina jin nauyinsa, amma ki ce masa Goggo na roƙon arzikin rabin yini. Yana da yaron shago. Kuma ga shawarata. Ku zo nan Yakasai tukuna, ki sauke mini Nana da kayanta, ni da Ummi mun ishe ta. Marina daga nan ko a ƙafa kwa je. Ku gama ku dawo, ga banɗaki, ga wurin salla, ga inuwa, in yi muku ɗanwake da mai da yaji. Maƙwabcinmu yana da doki a ɗaure a lungu, Sadik ya gan shi har ya taɓa. Kin ga kuɗin abinci ya huta, ni kuma na ga jikokina, don rabona da su tun suna.

Baffa Malam: Wannan ita ce magana. Babba, kai ma ka ji. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ɗauki jikarsa Umama yana cikin salla, ya saɓa Hasan a kafaɗarsa a gaban sahabbai, kuma babu wanda ya kai shi yawan hidimar jama'a. Ban raina neman halal ba, da shi ake riƙe gida. Amma Khalifanka bana shekararsa 9, nan da shekara huɗu ko ka kira shi ku fita abokansa zai zaɓa.

Yaya Babba: Na ji, Baffa. Ba gardama nake ba, lissafi nake. Kuma wace rana ma? Yaran nan Litinin zuwa Juma'a boko, Asabar zuwa Laraba Islamiyya, nawa har da hadda safe da yamma a ƙarshen mako. Ko hutun boko aka yi, hadda ba ta hutu.

Maman Amira: Su Amira ma haka ne, Yaya. Alhamis ce kaɗai babu komai. Zan yi wa abbansu maganar Goggo in ya dawo. In Allah ya yarda jibi.

Anti Nas: Ki ɗauki kaya na canji ga kowa, har da Amira. Da famfas ɗin Nana fiye da yadda kike zato.

Maman Amira: Assalamu alaikum, mun je mun dawo lafiya, alhamdu lillahi. Abbansu da ya ji saƙon Goggo bai ce komai ba sai "to", da safe na ga ya kira yaronsa yana ba shi sallahu. Shata muka ɗauka har ƙofar gidan Goggo.

Muna shiga marina Amira ta toshe hanci, wai wari. Wani tsoho da ke zaune a bakin raminsa, hannuwansa shuɗi har wuyan hannu, ya yi dariya ya ce ta matso. Ya yago ɗan farin ƙyalle kamar tafin hannu, ya nuna mata yadda za ta tattara tsakiyarsa ta ɗaure da zare tam, ya tsoma, ya ɗago, ya sake tsomawa. Baffa, wallahi yadda ka faɗa, kore ya fito. Muna tsaye yana rikiɗa. Sadik yana kan wuyan abbansa ya ƙwalla "Abba, ya canja!" har masu aiki suka juyo. Da aka kwance zaren sai ga farin zobe a tsakiyar shuɗi. Amira ta manta da wari, tambaya take ta yi, me ya sa wannan ramin ke kumfa wancan ba ya yi, hannunsa zai wanku kuwa. Daga nan muka leƙa wurin masu bugu, suna ta sauke tabarya a kan shadda, tim tim, ɗaya na sauka ɗaya na tashi, Sadik ya ce a sauke shi ya yi rawa. Abbansa bai saki wuyan hannunsa ba dai. Mun ba tsohon nan abin goro, mun sayi ɗan ƙaramin mayafi.

Dokin kuwa, da farko bayan abbansa ya ɓuya. Sai da mai dokin ya kama hannunsa ya ɗora a wuyan dokin, ya ji fatar na motsi, ya janye, ya sake mayarwa da kansa. Har muka taho yana tambaya ko doki na cin ɗanwake.

Abin da bai yi daɗi ba dawowa ce. Mun biye wa hira a gidan Goggo har bayan La'asar, muka faɗa cunkoso a titin Zariya, Nana ta yi ta kuka, Sadik ya yi barci a zaune. Anti, da na ji maganarki. Kuɗi kuma har da ragowar dubu huɗu. Abbansu ne ya ba ni mamaki, a hanya yake ce mini shekararsa 38 a garin nan bai taɓa taka cikin marinar ba sai yau. Ƙyallen yana ƙarƙashin filon Amira yanzu haka.

Goggo (Ummi ke rubuta mata): Allah ya yi muku albarka, ya raya mana su. Kin bar safar Nana ɗaya a nan.

Yaya Babba: Na nuna wa Khalifa hotunan, tun ɗazu ya hana ni sakat. Alhamis mai zuwa zan bar wa yaro shago daga safe zuwa Azahar. Gidan Makama nake so mu fara. Amma Baffa, sai dai mu tafi tare, ni in suka tambaye ni abin da ke ciki ban san me zan ce musu ba.

Baffa Malam: Ka biyo ta gida ƙarfe tara da rabi, za ka same ni a soro. Ka taho da uwarsu da ƙannensa mata, kada ka ɗauko Khalifa shi kaɗai.

Maman 'Yan Biyu: In da wuri a motar, Yaya, a sa da mu. Zan yi wa babansu magana yau.